Sharar Gidan Yaya

A dajin gwamnati da ke tsakiyar gari akwai wata itaciya da ma'aikata suke kira Gwaggo. Tana da sunan littafi, dogo mai karya harshe, wanda aka taɓa rubutawa a farantin ƙarfe aka kafa mata a gindi, har ranar da wani ya lura farantin zai fi amfani a bakin tukunya. Daga nan ta koma Gwaggo, don ta girmi kowa a wurin kuma babu wanda ya san danginta. Ita kaɗai ce irinta a dajin. Iyakar binciken Malam Dashe, ita kaɗai ce a garin ma.

Malam Dashe shi ke kula da wurin renon itatuwa na dajin. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana cika baƙar leda da ƙasa, yana tura iri da babban yatsa, yana bi da butar ban ruwa. Abin da ya rena ba ya ƙirguwa, amma kusan duk iri uku ne, masu saurin girma da kyau a hoto. Sau ɗaya a shekara manya kan zo su dasa su a bakin titi da sabon shebur, a tafa, a watse, awaki su zo su rufe taro. Bai taɓa kai ƙara ba. Cewa yake awaki ma 'yan gari ne.

Gwaggo ce kaɗai ta gagare shi. Ya yanki reshenta ya kafa, ya ruɓe. Ya gwada yi mata aure da wasu itatuwa, irin wanda ake wa mangwaro, ta ƙi kowa. 'Ya'yanta, masu girman ƙwan tattabara, can a ƙololuwa suke nuna, inda tsani ba ya kaiwa, kuma an hana hawanta tun kafin ya kama aiki saboda kogon da ke cikinta. Waɗanda ke faɗowa ƙasa ba nuna ce ke kayar da su ba, ƙwaro ne ya riga ya shiga. In ka fasa ƙwallon sai ka tarar da gari da wata 'yar farar tsutsa tana murɗawa, kamar ka faɗo mata ɗaki ba sallama. Duk shekara yakan tsince su ya shuka, ko za a dace. Ko ɗaya bai taɓa fitowa ba.

Bana kogon ya buɗe har mutum zai iya shiga ya fake wa ruwan sama, itaciyar kuma ta karkata kan hanyar da manyan gari ke gudun safe don rage ƙiba. Daraktan dajin ya sa hannu a sare ta. Darakta mutum ne mai ƙaunar itatuwa, musamman na jikin kalandar ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, tana cikin 'ya'ya," in ji Malam Dashe. "A bari ta gama."

"Ta gama me? Shekara nawa tana 'ya'yan, me ka samu?"

"Ban samu ba tukuna."

"Tukuna. Kai da saura wata biyar ka ajiye aiki. In ta faɗo wa wani a ka, kai za ka je ka yi wa matarsa bayanin tukuna?"

A ƙarshe ya ba shi sati uku, aka zagaye hanyar da igiya. Ba tausayi ba ne. Injin yankan itace yana wurin gyara, mai gyaran kuma sati uku ya ce.

Malam Dashe ya kashe kwana biyar yana haɗa gora da gora da waya, ya ɗaura lauje a baki, ko zai taɓo reshen sama. Gorar ta lanƙwashe tun ba ta kai rabi ba, ta sauko masa da ganye biyu da sheƙar tsuntsu. Ma'aikata suka ce ya yi ƙoƙari, suka juya baya suka gama dariyarsu.

Ranar Asabar ya tafi gaida yayarsa, kamar kowace Asabar, don in bai je ba za a aiko tambayar ko rasuwa ya yi. Yaya ta yi shekara talatin tana shugabar nas-nas a ɗakin tiyata, da ta ajiye aiki kuma sai ta taho da ɗakin tiyatar gida. Sau biyu a rana take share tsakar gidanta, da safe da la'asar, har ƙasar wurin ta zaizaye da kusan taƙi guda, sai da aka ƙara matakala a ƙofar falo. Ciyawar da ta leƙo da hantsi ba ta ganin azahar. Mangwaro ɗaya ne ya tsira, shi ma don ya riga ta zuwa gidan, kuma kullum cikin gargaɗi yake.

A ƙarƙashin mangwaron mijinta ke zama da jarida. Tikiti ake ce masa, don ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana huda tikiti a jirgin ƙasa. Ya ga garuruwa da yawa ta taga, ya dawo ya tabbatar babu inda ya kai kujerar nan kwanciyar hankali, muddin mutum ya san lokacin ɗaga ƙafa. Aurensu ya yi ƙarko ne saboda ra'ayi ɗaya ne a gidan, kuma ba a taɓa gardamar mai shi ba.

"Auta, goge takalminka," in ji Yaya tun bai gama sallama ba. Shekararsa hamsin da tara, gemunsa fari fat. Ya goge.

"Da ka zo da wuri da ka ga aikin 'yan'uwanka."

"Waɗanne 'yan'uwa kuma, Yaya?"

"Jemagun dajinku. Ba su da gidan uban da za su ci abinci sai nawa. Su ɗebo 'ya'yan itace daga can, su zo su rataya a mangwarona, su tsotse, su tofar mini da ƙwallo. Duk shekara war haka."

Malam Dashe ya zauna a benci yana cewa Allah ya kyauta. Sai idonsa ya sauka a ƙafar kujerar Tikiti. Wani ƙwallo guda ya maƙale a wurin, tsintsiya ba ta kai gare shi ba. Ruwan ƙasa ne, mai ɗan tsini a gefe guda, da zane uku a baya. Ya san shi kamar yunwar cikinsa, ƙwallon Gwaggo ne. Ya ɗauka ya juya, babu huda. Ya kai kunne ya girgiza, shiru. Ya duba ko zai ga dutse, amma ko tsakuwa ba ta da izinin zama a gidan, sai ya ɗaga ƙafar bencin ya danne shi. Ciki fari sol, a cike, da danshinsa.

Sai da ya fasa ya tuna fasasshen iri ba ya tsirowa.

Amma ya gane. Jemage ba ya tsintar na ƙasa. Can sama yake zuwa ya zaɓi nunanne mai lafiya, kuma ba ya ci a inda ya samo, sai ya ɗauko ya zo inda hankalinsa ya kwanta.

"Tun yaushe suke zuwa, Yaya?"

"Tun da aka sare manyan itatuwan bayan tasha. Shekara takwas."

"Tara," in ji Tikiti daga bayan jarida, nan take ya yi nadama.

"To tara, tunda an tambaye ka."

Shekara tara ke nan Malam Dashe yana rarrafe a gindin Gwaggo yana tara gidajen tsutsa, alhali iri na gari yana sauka a gidan da yake shan shayi duk Asabar.

"Ina ake kai su?"

"Ina ake kai ƙazanta? Juji. Ga mai kaiwa nan."

Tikiti ya ɗaga jaridar har ta rufe masa hula.

Da a garin Malam Dashe zai kwana, da washegari ya riga tsintsiya zuwa. Amma da yammacin ranar motarsu za ta tashi. Darakta ya sa sunansa a wani taron bita na sati biyu a wani gari, kan yadda ake ceto itatuwan da ke neman ƙarewa, ya kuma nuna masa cewa rashin zuwa zai shiga fayil. Don haka ya gyara zama ya yi wa Yaya bayani tun daga kogo har injin yanka. Ta saurare shi irin sauraron da takan yi wa sababbin likitoci.

"Don Allah ki tara mini su, Yaya. Duk wanda suka yar. A zuba su cikin ƙasa mai danshi, a inuwa, kada a..."

"Ni za ka koya wa ajiye abu? Shekara talatin ina ajiye kayan da ake buɗe cikin mutum da su. Ka taɓa jin an ce ɗaya ya lalace?"

"Ban ji ba."

"To."

Ya juya wajen Tikiti. "Babban yaya, ka sa ido."

"Ni fasinja ne a gidan nan, ƙanina. Yi magana da direba."

A otal aka yi taron bitar, cikin ɗaki mai sanyin inji da furannin roba. Aka raba jaka da biro, masana suka haska hotunan itatuwa a bango. Wani ya yi awa biyu yana bayanin cewa dole a riƙa sauraron ma'aikatan da ke taɓa ƙasa da hannunsu, lokaci ya ƙure ba a samu damar tambayoyi ba. Lokacin shan shayi Malam Dashe yakan zame ya kira Yaya a waya.

"Suna nan lafiya," takan ce. "Sittin da uku." Bayan kwana huɗu, ɗari da huɗu. Rana ta goma sha ɗaya ta ce jemagun sun ɗauke ƙafa, ta gode wa Allah. Shi kuwa ya cika bayan takardar taron da zanen inda zai jera leda.

Ranar Juma'a ya dawo, ya fara biyawa ta daji. Kan Gwaggo fayau, ta gama 'ya'yanta. Mai gyaran inji kuma, abin da bai taɓa yi ba, ya cika alkawari. Litinin za a sare. Malam Dashe bai damu ƙwarai ba. Ya shafa jikinta, ya cika aljihu da baƙar leda, ya nufi gidan Yaya.

Ta fito da faranti an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ta ajiye a benci ta yaye. Kwalabe uku ne, kowace da takarda a jiki, da kwanan wata da adadi, cikin rubutunta mai tsayuwar soja. Ƙwallayen har ƙyalli suke. Da ya buɗe murfi, warin asibiti ya daki hancinsa.

"Yaya, me aka yi musu?"

"Abin da ya kamata. Na goge su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, na jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyin cuta, na tafasa minti ashirin, na shanya kwana uku a rana. Abin da jemage ya sa a baki ne fa. Yanzu ko a ido ka sa su babu abin da zai same ka."

"Kin dafa su."

"Na tsabtace su."

"Iri rai gare shi, Yaya."

"Cuta ma rai gare ta."

Ya zuba kaɗan a tafin hannu. Ba nauyi, suna ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya haɗa adadin da ke jikin kwalaben, ɗari da goma sha bakwai. Tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa Yaya da magana ba, don haka da maganar ta zo, a hankali ta fito, kamar ba tasa ba.

"Shekara talatin da ɗaya nake jiran waɗannan. Ke kuwa tunda nake, ban taɓa ganin abin da ya rayu a gabanki ba sai da izininki."

Yaya ta dube shi. Ta ɗauki farin ƙyallen ta ninke gida huɗu, baki da baki, ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba. Da ta buga da ya fi sauƙi.

Tikiti ya daɗe yana karanta layi ɗaya. Sannan ya ninke jaridar.

"Ƙanina, bakinka yana riƙe magana?"

Malam Dashe ya mayar da ƙwallayen cikin kwalba.

"Taso. Yi kamar rakiya nake maka."

Suka fita ƙofar gida. Maimakon su miƙe zuwa titi, Tikiti ya karya kwana ya bi lungun bayan gidan, yana ɗingishi yana waiwaye. Ya tsaya a gindin katanga, inda wasu bulo biyu suke jere, sun yi santsi don yawan takawa.

"Juji yana da nisa," ya ce. "Gwiwar nan kuma ka san ta. Shekarar da jemagu suka zo, shara ta ninka. Hau ka duba."

Malam Dashe ya hau. An kafa fasassun kwalabe a kan katangar, sai ya leƙa a hankali. Tsakanin katangar da bangon siton Yaya akwai wata rata da magini ya bari, faɗinta bai fi taku ɗaya da rabi ba, tsawonta tsawon siton. Nan Tikiti yake juye bokiti safe da yamma, sannan ya tsaya a lungu minti goma don lokaci ya yi daidai da zuwa juji da dawowa.

Ganyen shekara tara ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa har gwiwa. Ruwan indararo yana sauka ciki, rana ba ta leƙawa sai awa ɗaya da tsaka. Duk abin da Yaya ta kora daga tsakar gida nan ya taru ya yi zamansa. Gwanda biyu sun miƙe sirara suna neman haske, tumatir ya haukace a gefe, 'ya'yan mangwaro suna turereniya, wani ɓaure da tsuntsu ya kawo ya kama tsagar bango. A inuwar gwandar kuwa ga wani ganye mai tsawo, mai jan baki in yana sabo, wanda Malam Dashe bai taɓa gani ba sai ya ɗaga kai har wuya ya yi ciwo. Yau daga sama yake kallonsa. Wasu tsiron ba su wuce yatsa ba, wasu sun kai kamu guda. Ɗaya a kusurwa, kaurinta kamar ƙotar fartanya, ta kusa kamo bakin katanga.

Tikiti ya hau ɗaya bulon. "Su ne?"

"Su ne."

"To madalla. Sai ka riƙe bakinka."

"Ta ina ake shiga?"

"Ba a shiga. Akwai 'yar ƙofar ƙarfe ta cikin sito. Tun da aka ga ɓera ta wurin, Sista yayarka ta sa mata kwaɗo, makullin yana ƙugunta."

"Ai dole a shiga, babban yaya. Ƙananan nan sun yi cunkoso, kuma kullum kana juye musu bokiti a ka."

"Ni da na rena maka su?"

"Da gangan ka rena?"

"Reno dai reno ne."

"Me ake kallo?"

Daga bayansu muryar ta fito. Yaya ce a bakin lungu, da kofin shayi a hannu. Ta fito ne ta ba ƙaninta, wanda shi ne iyakar ban haƙurin da ta iya, ba ta tarar da kowa ba. Mai shagon da ke kan kwana ya nuna mata hanya, don ba a rasa mai taimako a irin wannan rana. Abin da ta gani shi ne tsofaffi biyu a kan bulo, sun ba ta baya, kawunansu a kan katangarta.

Tikiti ya sauko. A rayuwarsa ya kama mutane da yawa ba tikiti, ya san yadda fuskar take, yau ya ji ta a jikinsa. Yaya ta miƙa masa kofin ya riƙe, ta hau bulon. Ta leƙa ratar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Shekara nawa?"

"Gwiwa ce, Sista."

"Gwiwar da na ce a je a duba ka ce lafiyarta lau? Shekara nawa?"

"Tara."

"Ashe shi ya sa ka iya lissafin."

Ta sauko ta nufi gida, suka bi ta a baya. Ta ɗauko adda da galan ɗin kananzir da ashana, ta shiga sito tana laluben makulli. Malam Dashe ya riga ta isa ƙofar ƙarfen ya jingina bayansa. Bai shirya hakan ba, ƙafafunsa ne suka yanke shawara.

"Matsa, Auta."

"Ba ni awa biyu, Yaya. Bayan nan ki ƙone har da mu."

"Juji ne a jikin ɗakin da nake ajiye abinci."

"Juji ne. Amma 'ya'yan Gwaggo suna ciki, kuma su ke nan. Sauran ɗari da goma sha bakwai suna kwalba."

Wannan maganar ta shige ta. Yaya ta kalli addar da ke hannunta, ta ajiye galan.

"Awa ɗaya."

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa kananzirin. Da ƙofar ta buɗe, baƙar ƙasa ta zubo a kan simintin Yaya, wani ƙadangare ya biyo ta ya wuce tsakanin ƙafafunsu. Yaya ta rufe ido ta buɗe. Malam Dashe ya kutsa ciki, nan matsala ta fito: magini bai bar ratar don mai tumbi ba. A karkace yana shiga, amma tsugunawa ta gagara. Ya sunkuya daga ƙugu, jini ya taru masa a ka, ya tone gefen na farko ya ɗaga. Wani ɗan sauti ya fito, ƙas. Uwar saiwar ta tsinke, rabi a hannunsa, rabi a ƙasa.

"Haka ake riƙe abu?" in ji Yaya daga bayansa.

"Wurin ne, Yaya."

"Kullum wurin ne. Likitoci ma haka suke cewa. Fito."

Ta shiga ɗaki ta dawo da safar hannu da takalmin roba, ta ɗaure hanci da ƙyalle. Siririya ce, ta shige ratar ta tsuguna kamar da ita aka auna.

"Faɗa mini abin da ba a taɓawa."

"Uwar saiwa. Ƙasa take nufa a miƙe, tsawonta ya ninka na tsiron. Ki zagaye daga nesa, ki ɗago shi da ƙasarsa. Kada iska ta sha saiwar."

"Kada kuma a wanke," in ji Tikiti.

Babu wanda ya juya. Ya koma ya buɗe ledar da aka ba shi ya riƙe.

"Cokali," in ji Yaya, ba ta waiwayo ba, tafin hannunta a buɗe. Malam Dashe ya sa mata cokali. "Wuƙa." Ya sa mata wuƙa. "Leda. Ruwa, kaɗan. Na ce kaɗan." Hannun da ya dafa kwalabe uku na iri bai tsinka ko gashin saiwa ɗaya ba. Tana yi tana faɗa, da kiyashi, da gizo-gizo, da mijinta, wanda ta ce shi zamansa daban za a yi. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta, babu wanda ya duba agogo. Leda goma sha ɗaya suka jera a inuwar mangwaro.

Saura babbar ta kusurwa. Yaya ta tone gefenta kaɗan da cokali, ta tsaya.

"Wannan fa?"

"Ba ta ciruwa. Saiwarta ta wuce gindin katanga. In an taɓa ta, ta tafi."

"Waɗancan duk za su kama?"

"Wataƙila rabi. Wataƙila babu. Ban taɓa renon irinsu ba."

"Wannan kuma?"

"Wannan ta riga ta kama."

"Za ta fasa mini bango?"

Ya so ya yi ƙarya. Amma Yaya ta san fuskarsa ta ƙarya tun yana satar sukari.

"Za ta fasa. Nan da shekara ashirin."

Yaya ta yi lissafi a ranta, ta miƙe da ƙyar tana dafa bango.

"Sai ta fasa wa magada. Dama ba sa zuwa gaishe ni." Ta zare safar hannu. "Me take ci?"

"Abin da take ci dai. Ganye. Shara."

Yaya ta daɗe tana kallon mijinta.

Ranar Litinin aka sare Gwaggo, cikin minti arba'in. Darakta bai zo ba, yana wurin buɗe wani taro. Malam Dashe ya tsaya har aka gama. Ya so ya ƙirga shekarunta a kututturen, amma tsakiyar duk kogo ne.

Cikin goma sha ɗayan, biyar suka bushe a sati biyun farko, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bayani ba. Shida suka yi toho. Ya ɓoye su bayan tankin ruwa, nesa da idon masu neman abin dasawa a bakin titi, ya dasa su da hannunsa can cikin daji kafin ya ajiye aiki ya miƙa makullai, kowace da kejinta na waya.

Ta gidan Yaya tana nan. An tumɓuke tumatirin da gwanda ɗaya, an sallami ɓauren, an shafe bangon sito da siminti har ƙugu. Ganye kawai aka yarda a zuba, a tsince leda da takarda tukuna, sau ɗaya a rana, ta ƙofar ƙarfe, Yaya na tsaye da makulli. Sauran sharar kuma juji, na gaske, na ƙarshen layi, tana kallo daga ƙofar gida har ya kai ya dawo. An duba gwiwar. Likita ya ce tafiya ce maganinta.

"Ka cuce ni, ƙanina," in ji Tikiti wata Asabar, suna cikin ratar su biyu a karkace. "Da ina da minti goma safe da yamma a lungun can, ni kaɗai, babu mai kirana. Ka san abin da minti goma yake ga mai aure?"

Malam Dashe ya ce ya sani. Ya ba shi bakin igiyar awo ya riƙe a gindin itaciyar, ya miƙa hannu sama ya leƙa lambar. Ta ƙara yatsa huɗu tun wancan watan.